Amsoshin tambayoyinku: tuwo za a rage ko mai?

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta rubuto min da dare, daga ganin rubutun ka san hankalinta a tashe yake. Ta je gwajin jini da safe kafin ta ci komai, suga ya nuna 112, likita ya ce bai kai ciwon suga ba amma ta rage ƙiba. Yanzu yayarta ta ce ta bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya, maƙwabciya kuma ta ce mai ne matsalar, ita dai ta rasa na kamawa.

Ƙanwata kwantar da hankalinki dan Allah. Daga 100 zuwa 125 ana ce masa bakin ƙofa ne, sai ya kai 126 kuma an maimaita gwajin sannan ake kiransa ciwon suga, kin ga ke Allah ya nufe ki da sani da wuri. Batun yaya da maƙwabciya kuwa, an taɓa gwada wannan gardamar a jami'ar Stanford ta Amurka, aka fitar da sakamako a 2018, mutum 609 aka raba biyu, wasu suka rage abinci mai sitaci wasu suka rage mai, bayan shekara guda masu rage sitaci sun sauke kilo 6 masu rage mai kilo 5 da ɗan wani abu, bambancin bai taka kara ya karya ba. Don haka wanda za ki iya jurewa shi ne naki. Amma tunda suga ne damuwarki ni sai in ce fara da sitaci, don shi ke saurin komawa suga a jini. Ban ce ki bar tuwo ba fa, a gidan Bazazzagi wa zai bar tuwo ya kai wata uku? Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta yi yawa, ki ƙara wake da alale da kwaɗon zogale ko rama, shayin safe ba suga, lemon kwalba a yi sallama da shi don na roba ɗin nan guda ya haura cokalin shayi 10 na suga. Kuma ki riƙa tafiya da ƙafa minti 30 sau 5 a sati. Wani babban bincike na 2002 ya nuna masu irin matsalarki da aka sa su tafiyar nan da neman sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58, ya ma fi na masu shan metformin, wato ƙwayar maganin suga. In kina kilo 80 wajen kilo 5 zuwa 6 ke nan, ba rabin jikinki ba.

Wani daga Samaru yana tambaya tunda ya bar shinkafa ko zai iya cin tsire da balangu kullum da dare. Malam ka ji tambayarka kuwa? Tsire da balangu akwai mai, kuma giram ɗaya na mai ya ninka na sitaci ƙarfi fiye da sau biyu, 9 da 4 ne. Ka ci jefi-jefi, aljihunka ma zai gode maka.

Sai hajiyar da ta ce ta ga shayin rage tumbi a sitatus ɗin WhatsApp, dubu 25, wai yana narkar da kitse yana wanke suga cikin sati biyu, ta saya? Kar ki saya. Wallahi wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya, kullum sai na faɗa kullum sai an sake tambaya. Yawancin irin shayin nan maganin sa gudawa ne ko yawan fitsari, ki kwana kina zarya bayi, ki hau sikeli ki ga kilo 2 sun tafi ki yi murna, alhali ruwan jikinki ne ya fita, kwana uku ya dawo, ƙoda kuma ta sha wahala a banza. Haka masu mota da lasifika a bakin kasuwar Sabon Gari, garin magani ɗaya a leda shi ne na suga shi ne na basir shi ne na hawan jini, ba lambar NAFDAC ba ranar lalacewa ba sunan wanda ya haɗa. Wasu ma lambar suna bugawa ta bogi. Ga masu cewa a bar suga a koma zuma ko mazarƙwaila, to duk suga ne, balle zumar yanzu da ake dafa suga a zuba a kwalba. Dubu 25 ɗin nan hajiya ki sayi wake da ƙwai da ganye, ragowar ki yi gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda suganki ya kasance wata 2 zuwa 3 baya.

Na ƙarshe, yaron kirki daga Kofar Doka da yake son ya hana babansa tuwo da kunu kwata-kwata, baban kuma yana allurar insulin. Ɗana Allah ya yi maka albarka da kula da mahaifi, amma kar ka yi wannan da kanka. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide in aka yanke masa sitaci lokaci guda suga na iya faɗuwa ƙasa, ya fara gumi da karkarwa har ya suma. Ka raka shi asibitin da yake zuwa, ko Shika ne ko wani, likita ya daidaita maganin da abincin tukuna.