Ɗana ya dawo hutu ya zama malamin unguwa, ba ko sisi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Funtuwa. Babban ɗana yana aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, yana karanta lissafi. Duk hutu in ya dawo, maimakon ya zauna a shagon kawunsa ya samu na kashewa, sai ya tara yaran unguwa a firamare shi da abokansa suna koya musu karatu kyauta. Ranar Asabar kuma su fita yashe kwata. Ni kuwa da adashi nake haɗa masa kuɗin makaranta. Na yi masa magana, ya ce, "Umma, ba za ki gane ba." To Malam, ka ganar da ni. Me yake samu a ciki?

Wata uwa, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki ci moriyar wannan wahala da kike sha. Tambayarki tana kan hanya, kuma bai kyauta ba da ya ce ba za ki gane ba. Wadda ta biya kuɗin makaranta da adashi ta cancanci cikakken bayani.

Na daɗe ina koyarwa a sakandare, kuma abin da na lura da shi game da irin waɗannan yara shi ne bashi suke biya. Ki tambaye shi wa ya koya masa lissafi lokacin da yake shirin WAEC ko NECO. Da wuya ya ce malamin aji kaɗai. Yawanci akwai wani yayan unguwa da ya dawo hutu daga jami'a, ya zaunar da su a soro bayan la'asar, ya buɗe musu tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Yaron da aka yi wa haka, ranar da ya shiga jami'a ya haɗu da 'yan ajinsu da suka fito daga makarantun kuɗi na Kaduna da Abuja da Legas, nan take yake ganin tazarar. Sai ya tuna ƙannensa na gida, hankalinsa ya ƙi kwanciya.

Ga misali. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta. A lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, wasu ɗaliban jami'a a unguwarmu suka roƙi aron aji ɗaya a firamare. Kwamfuta ɗaya gare su, ta ɗaya daga cikinsu, batirinta ma ba ya riƙe caji, sai an kai ta shagon mai caji tun da safe. Yara suka yi layi. Na ga wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, wadda ba ta taɓa faɗuwa a ajina ba, ta ɗora yatsa a kan maɓalli hannunta na rawa. Ɗalibin ya ce mata, "Danna N, zai kai ki tambaya ta gaba. Danna P, ki dawo baya. Ba abin da zai lalace." Ta danna, ta ɗago ta dube shi, ta sake dannawa. Da ba don wannan zama ba, da sai a zauren jarrabawa za ta fara taɓa kwamfuta, agogo na gudu.

Kuma Hajiya, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun yi gayya a gona da yaɓen ɗaki da gyaran maƙabarta, ba wanda ya tambayi ladan aikinsa. 'Yan agaji da kike gani a masallacin Juma'a da filin Idi ba albashi suke ɗauka ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa tun 1954, ta saba shirya wa matasa karatun hutu. Ɗanki ya ɗauki abin da ya tarar ne, sai dai nasa da alli yake yi. Akwai kuma neman lada, wanda yaran ba su cika faɗa da baki ba, amma yana nan a zuciya: ilimin da aka amfana da shi yana cikin ayyukan da ba sa yankewa bayan mutuwa.

Shi ma yana ƙaruwa. Wanda ya tsaya gaban yara yana warware musu lissafi, nasa lissafin ne ke ƙara zama. Yana koyon magana a gaban jama'a, da yadda ake zuwa wurin mai unguwa ko hedimasta a nemi izini. In ya tafi hidimar ƙasa, shirin da gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1973, zai tarar an ware rana guda a mako don aikin raya al'umma, kuma da yawa makaranta ake tura su koyarwa.

Amma ba zan ce ki zuba masa ido kawai ba. Ki ce ya nuna miki sakamakonsa na zangon da ya wuce. In maki na sauka, ya rage fita, domin digirin ne ya kai shi Zariya. Ki kuma sa ido kan 'yan siyasa. Da zarar aikin yara ya fara suna, sai ka ga an kawo musu riguna masu hoton ɗan takara, an ɗauki hoto, an tafi. Wannan yana ba ni takaici matuƙa, don na ga ya raba kan yaran da suka fara aiki da zuciya ɗaya.

Batun kuɗi kuwa, haƙƙinki ne ki faɗa masa nauyin da kike ɗauke da shi, dalla-dalla, har da nawa kike zubawa a adashi. Hutu yana da safe yana da yamma. Ya yi shagon kawunsa daga safe zuwa azahar, ya yi darasin bayan la'asar. Alli da littafi da kuɗin caji kuma kada su fito daga aljihunsa. Ya sa mai unguwa ya tara iyayen yaran, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.