Har yanzu sayayya a Maraɗi ta fi ta Katsina sauƙi?

Malama, kin tambaya ko kayan lefe sun fi araha a Maraɗi. A da haka ne, amma yanzu canji ya cinye ribar. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi warwas. Atamfar da farashinta bai canza ba a Maraɗi, idan kika juya shi zuwa naira sai ki ga ya ninka. Shi ya sa yanzu mutanen Maraɗi ne suke tsallakowa Jibiya su kwashi hatsi da kayan masarufi.

Abin da ya cancanci tafiyar shi ne shadda mai kyau, wadda a nan ake yawan cakuɗa ta da jabu, sai dabino da cuku. Shinkafar waje kam ki manta da ita, kwastan ba sa barin ta ta iyakar ƙasa.

Kafin ki tashi ki tambayi farashin sefa wurin 'yan canji, ki haɗa da kuɗin mota da na shingayen hanyar Ɗan Isa. Idan turmi biyu ko uku ne kawai, ki saya a Babbar Kasuwar Katsina.