Shin biyan kuɗin injin bincike na fitar da mutum daga ƙawanyar bayanai?

Tambaya: Malam, na ji an ce injinan bincike na kyauta suna nuna wa mutum irin abin da ya saba gani ne kawai. Idan na koma wanda ake biya duk wata, na tsira?

Amsa: Ka rage matsalar, amma ba ka tsira ba. Ƙawanyar bayanai, wadda marubuci Ba'amurke Eli Pariser ya yayata batunta a 2011, tana aukuwa ne idan injin ya riƙa tace maka sakamako gwargwadon abin da ka taɓa nema, inda kake, da abin da ka saba latsawa. Google ya fara yi wa kowa haka a Disambar 2009, har da wanda bai shiga asusunsa ba.

Kagi, wanda ya fi shahara cikin masu karɓar kuɗi, yana karɓar dala 10 a wata don bincike ba iyaka, kuma ba ya saka talla. Tunda kai ne mai biya, ba shi da dalilin tara bayananka don masu talla. Wannan riba ce ta gaske.

Ga inda gizo ke saƙa. Kagi yana ba ka damar ɗaga shafi sama, saukar da shi, ko toshe shi baki ɗaya. Idan ka toshe shafukan da ke kwafo rubutun wasu don cin kuɗin talla, ka kyauta. Idan kuwa ka toshe jarida don ra'ayinta bai yi maka ba, da hannunka ka gina katangar, kuma ta fi ta Google tsauri, domin abin da aka saukar ƙasa kana iya cin karo da shi, wanda ka toshe kuwa ya ɓace maka. Haka kuma wani ɓangare na sakamakon Kagi daga rumbunan wasu injina yake zuwa, don haka abin da ba su tattaro ba, sau da yawa shi ma ba zai kawo ba.

Shawarata: duk bayan wata uku ka buɗe jerin shafukan da ka toshe, ka saki duk wanda saɓanin ra'ayi ne kawai ya sa ka rufe. Kan al'amari mai muhimmanci, ka gwada tambayar a injina biyu, ɗaya a taga ta sirri, wato yanayin burauza da ba ya ajiye tarihin bincikenka. Ka kuma kula da lafazinka: wanda ya rubuta "illolin allurar riga-kafi" da wanda ya rubuta "binciken likitoci kan allurar riga-kafi" ba za su ga shafuka iri ɗaya ba, ko nawa suka biya.