Masauki a bakin dajin Yankari: ɗaki goma ko huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon tireda a Alkaleri, na kuma tara naira miliyan 20. Na samu fili kusa da Mainamaji, inda ƙofar shiga Yankari take, ina so in gina masauki mai ɗaki 10 da gidan abinci saboda masu yawon buɗe ido. Wani abokina ya ce in riƙa sayar da farfesun naman daji, wai shi baƙi ke nema. Amma dattawan wurin sun nuna damuwa, suna cewa zan shanye musu ruwa, in kuma tara musu baƙin da ba su san al'adarsu ba. Yaya zan yi in ci riba ba tare da na ɓata da mutanen gari ko na cuci dajin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ɗauki maganar dattawan nan a matsayin hassada. Abin da suka faɗa maka shi ne abin da littafin lissafinka zai faɗa maka nan da shekara biyu idan ka yi gaggawa. Baƙon da zai kwana a wurinka ba gininka ne ya kawo shi ba, giwa da ɓauna da ruwan ɗumin Wikki da ke cikin dajin ne suka taso shi daga Kano ko Abuja. Duk abin da ya rage dabbobin nan, ko ya sa maƙwabtanka suka ji haushin baƙi, daga aljihunka yake cirewa.

Mu fara da yawan ɗakuna. Yankari daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta riƙe shi daga 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki tafiyar kusan kilomita 40 ce, kuma a can ciki akwai ɗakunan kwana masu yawa, ga ruwan ɗumin nan da ba ya sauka daga ma'aunin zafi 31 dare da rana. Mai kuɗi a can zai so ya kwana. Naka baƙin su ne direbobi, da ɗaliban da makarantu ke kawowa, da wanda dare ya yi masa a hanya, da wanda ya tarar ciki ya cika a lokacin hutun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara. Kuma kasuwar ta rani ce: daga Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji, ana ganinsu da sauƙi. Da ruwa ya sauka sai su bazu cikin daji, baƙi su ɗauke ƙafa.

Ga misalin lissafi, ka sauya alƙaluman da naka. A ce ɗaki huɗu ne, kowane naira 12,000. Kwana 150 na rani rabin ɗakunan na da mutane, an sayar da kwana 300 ke nan. Sauran kwana 215 da ƙyar ake samun ɗaya bisa goma, wato kwana 86. Jimla 386, kuɗinsu naira 4,632,000 a shekara, kafin a cire albashi da gyara. To idan ka ƙara ɗaki shida, baƙi ba za su ƙaru don ka ƙara gini ba. Ɗakunan nan shida za su cika ne a ranakun cunkoso kawai, a ce kwana 25, su kawo naira 1,800,000, sauran watanni gara da jemagu ke kwana a ciki kana biyan mai shara. Shawarata ita ce ɗaki huɗu da babban zaure ɗaya mai katifu da gidajen sauro na ɗalibai, da rumfar abinci mai kyau, don abinci ya fi ɗaki saurin juya kuɗi: har wanda ba zai kwana ba yana ci. Kada gini ya cinye fiye da kashi 60 cikin 100 na jarinka. Kashi 20 ya tafi a ruwa da sola da gas, sauran 20 ka ajiye su na albashi da cefane har damina ta farko ta wuce.

Ruwa shi ne inda rigima ke fara tashi. Baƙo mai amfani da shawa da masai na zamani yana iya kashe lita 100 zuwa 150 a rana, alhali mutumin ƙauye sau da yawa jarka ɗaya ta lita 25 ke ishe shi. Baƙi takwas a lita 120, ka haɗa da girki da wanki, ka kai lita 1,500, jarka 60 ke nan kullum. Da ɗaki 10 cike, sai ka ninka wannan har da ɗoriya. Kuma abin da ya sa lamarin ke da zafi, watannin da baƙi suka fi yawa su ne watannin da rijiyoyi ke ja da baya. Idan ka haƙa burtsatse, ka sa mai haƙan ya yi gwajin jan ruwa na awa 24 a watan Maris ko Afrilu, ba da damina ba, a auna zurfin ruwan rijiyoyin maƙwabta da igiya kafin a fara da bayan an gama, a gaban mai unguwa. In ruwansu ya sauka sosai, ka rage ƙarfin famfo, ka riƙa cika tanki da rana kaɗan-kaɗan. Ka fitar da kan famfo ɗaya wajen katanga, da sa'o'in da kowa ya sani, safe da yamma. A banɗaki, bokiti mai lita 15 zuwa 20 ya wadatar da wanka, shawar minti biyar kuwa tana iya cin ninki biyu ko fiye. Ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kuma ta gangare, ba ta tudu ba. Masu gini kan yi sakaci da wannan, sai a wayi gari ciwon ciki ya shiga unguwa a rasa dalili.

Maganar naman daji kuwa, ka rufe ta gaba ɗaya. Farauta a cikin Yankari laifi ne, akwai kuma dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa, wadda aka ƙara wa tsanani a 2016. Duk gwanki ko mazo ko gada da za a kawo maka a buhu da dare, daga dajin nan ya fito, ko me mai kawowa ya rantse maka. Ma'aikatan gandun daji sun rasa rayukansu a hannun mafarauta a wannan daji, kuma giwayen da suka rage, ɗari da 'yan kai, suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Tukunyarka kada ta zama dalilin ɗana wa dabba tarko. Farfesun zabon gida, da kazar Hausa, da kan rago, da dambun nama sun ishi baƙo, kuma kuɗinsu na shiga hannun matan da ke kiwo a ƙauyen.

Itace ma haka yake, sai dai shi ɓarnarsa a hankali take zuwa. Gidan abincin da ke hura murhu uku kullum zai zama kasuwar masu saran kirya da marke da kawo. Ka yi girki da gas, tukunya mai kilo 12.5 guda uku ko huɗu don kada ya yanke maka ranar cunkoso, itace sai na gashi kawai, a murhun laka mai rufe wuta. Kada ka sare bishiyar da ka tarar a filin, ka zana ginin ya zagaye ta. Ka shuka darbejiya da zogale da mangwaro a gefen katanga, ruwan wanka ya riƙa gangara musu. Ka guji shuka bishiyar turare kusa da rijiya, don tana da shan ruwa.

Shara: ledar fiya wata da gorar roba su ne matsala. Shanu da awaki na haɗiye leda su kumbura su mutu, mai dabba kuma ya san daga inda ta fito. Ka ajiye babbar gorar ruwan sha da kofuna, ka ware robobi ga 'yan bola jari, ragowar abinci a ramin taki mai murfi. Kwandon shara a buɗe gayyatar birai ne, kuma birin da ya saba cin abincin mutane yakan koma fizge da cizo.

Yanzu sai rabon mutanen gari, wanda a ganina shi ne ginshiƙin harkar. Manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya, bai taɓa ganin sisin kwabo daga baƙi ba, da wane dalili zai so dajin? Inda aka gane wannan an ga amfaninsa. Ruwanda na ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen dajinta ga ƙauyukan da ke kewaye. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, suka farfaɗo har suka haura 600, kuma 'yan yankin ne ke yi wa baƙi jagora. Kai ba gwamnati ba ne, amma kana iya yin naka daidai ƙarfinka. Ka yanke naira 500 a kan kowane kwanan ɗaki. A lissafinmu na sama naira 193,000 ke nan a shekara, tana gyara famfon tuƙa-tuƙa ko ta sayi alluran asibiti. Kuskuren da aka fi yi shi ne danƙa kuɗin a hannun mutum ɗaya a ɗaki. Ka nemi a kafa kwamiti: wakilin dagaci, liman, mace ɗaya, matashi ɗaya, da wakilin makiyaya, a karanta adadin a bainar jama'a duk wata uku.

Cikin ma'aikata shida, biyar su zama 'yan wurin, ka ɗauko mai dafa abinci ɗaya gwani ya koya musu. Da damina, da yake baƙi sun ragu kuma lokacin noma ne, ku yi yarjejeniya su riƙa karɓa-karɓa a rabin albashi maimakon sallama. Ƙwai, nono, zuma, daddawa, tabarmi da faifai ka saya a garin, kuɗi hannu, kada ka ci bashin mace mai ƙwai goma. Amma ka sanar da su buƙatarka tun wata biyu kafin Disamba don su ƙara kiwo. In ba haka ba ka kwashe abin da ke kasuwa, farashi ya tashi, talakan gari ya kasa sayen kaza.

Game da al'ada, ka rubuta ƙa'idoji da Hausa da Turanci a ƙofar kowane ɗaki: ba giya, ba kiɗa bayan sallar isha'i, sutura ta mutunci in za a shiga gari, ba ɗaukar hoton mata da yara sai da izini, ba raba wa yara kuɗi a hanya, don shi ke hana su zuwa makaranta. Mai son taimako a nuna masa kwamiti.

Kafin ka sauke bulo ɗaya, ka tabbatar filin ba ya cikin iyakar daji kuma ba a kan burtali yake ba. Ka tambayi hukumar gandun da kanta, ka bi ta hannun dagaci da hakimi, ka karɓi takardar mallaka daga ƙaramar hukuma, ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Kuma kada ka sayar da shagonka na Alkaleri, kada ka ci bashin da ake biya wata-wata. Yawon buɗe ido sana'a ce mai saurin firgita: annobar korona ta tsayar da ita cak a 2020, harin da aka kai a Kure a watan Agustan 2020 ya kori baƙi daga can. Labari ɗaya mara daɗi a hanya na iya kashe maka rani guda.

Aikinka na wannan Disamba shi ne ka zaunar da yaro mai rubutu a bakin hanya da littafi, kwana 30, ya ƙirga motocin da ke shiga, mutum nawa ne a ciki, nawa ke fitowa a ranar, nawa ke neman abinci ko wurin kwana. Ka maimaita na sati biyu a watan Agusta. Da waɗannan alƙaluman za ka je wurin magini.