Amsa ga ƙanenmu da fistol ɗin aikinsa ke cijewa

Assalamu alaikum. Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ciwon da ka faɗa ni na kwana da shi. Ka ce fistol ɗin da aka ba ka, wato ƙaramar bindigar hannu, tana cijewa bayan harbi biyu ko uku, kwanson harsashi yana maƙalewa a baki, kuma wani ya ce zai samo maka sabon sifirin ya saka maka a gida ba sai oga ya ji ba. Don girman Allah kada ka yarda.

Ni tawa irin Browning ɗin nan ce ta ƙasar Beljiyam, mai cin harsashi 13, ta girme ni a aiki amma lafiyayya ce. Da samanta, wato ƙarfen da ke ja baya ya dawo in an yi harbi, ya fara yi mini nawa wajen komawa gaba, sai na kai wa wani da ke taimakawa a ɗakin ajiyar makamai, ba shi ne amora ba, wato jami'in da ke kula da makaman da gyaransu, amma kullum yana can, kowa ya san shi. Ya ce in kawo na shan ruwa, gobe in zo in karɓa. Na ba shi. Washegari ya miƙo mini, na ja ta na ji ta yi tauri, na ce madalla. Ban gwada a filin harbi ba, wannan kam laifina ne.

Bayan kamar sati uku muna rakiyar fatake da suka taso daga kasuwa, tsakanin Darazo da Dukku, bayan isha'i, sai ga itace an gindaya a hanya. Na diro na kwanta a gefen kwalbati. Harbi ɗaya na yi, na biyu kunamar bindigar ta mutu a hannuna. Na shafa saman bindigar a cikin duhu, na ji kwanso a tsaye ya toshe bakin, da zafinsa har ya ƙona mini yatsa. Ina jin direba yana salati a ƙarƙashin mota, ina jin takunsu a cikin karan dawa, hannuna na rawa na kasa fizge shi. A lokacin uwargida tana da cikin wata takwas, wallahi ita kaɗai nake gani. Abokin aikina da ke ɗauke da babbar bindiga shi Allah ya sa ya kore su. Har yau in na bi hanyar nan sai na nemi kwalbatin da ido.

Da amora na gaskiya ya kwance ta, ashe sifirin wata bindiga daban mutumin ya samo, ya datse shi da filaya ya cusa. Ƙarfinsa ya yi yawa, saman ba ya ja baya sosai balle ya watsar da kwanso. Aka kira shi, ya dubi tsabar idona ya rantse bai taɓa ganin bindigata ba. Babu rubutu, babu shaida. Ni aka ba takardar tuhuma, ni na yi wata da watanni ana nuna ni da baki wai na lalata kayan gwamnati. Mutumin nan mun ci abinci a kwano ɗaya da shi, ya zo sunan ɗana ma daga baya, ko a jikinsa. Na yafe don Allah, amma ban manta ba.

To, ka rubuta rahoto, ka mayar da ita hannun amora, a shigar a littafi, ka riƙe kwafi. Dokar makamai ta 1959 ma ba ta yarda kowa ya gyara bindiga a gida ko a maƙera ba sai da izinin hukuma.

Amma kafin ka ɗora wa sifirin laifi, fara da magazin, wato gidan harsashi, mafi yawan cijewa daga can take. Ka aro na wani ka gwada a filin harbi, in ta daina ka san inda ciwon yake. Ni ina sa wa nawa lamba a gindi da fenti don in gane mai matsala. Duba leɓensa ko ya buɗe ko ya lotsa saboda faɗuwa. In harsasan ƙarshe ne suke ƙin hawa, ko saman ya ƙi tsayawa a baya bayan ta ƙare, yawanci sifirin magazin ne ya gaji. Kuma kada wani ya ce maka a ja shi da hannu ya miƙe, kwana kaɗan zai koma ya fi da lalacewa.

Naka dai kwanso ne ke maƙalewa, don haka a duba 'yar ƙugiyar da ke fizgo shi. Dauɗa tana taruwa a ƙarƙashinta, ko bakinta ya cinye. Tsohon buroshin haƙori yana fitar da abin mamaki a wurin. Sai riƙo: in wuyan hannunka ya yi sako-sako, lafiyayyar bindiga ma sai ta yi maka haka. Kada ka ji kunya ka sa wani ya harba ta kana kallo.

Maganar mai kuma, yaranmu suna ɓata mini rai. Sai ka ga an yi mata wanka da baƙin mai kamar sarƙar babur. Da hunturun nan namu na Gombe, ƙura ta haɗu da mai ta zama taɓo. Ɗigo kaɗan a kan hanyar da saman ke gudu da bayan bututun ya isa, ka goge saura. Kada mai ya shiga ramin allurar da ke dukan gindin harsashi, kada ya shiga magazin, kada ya taɓa harsashi. Da damina kuma gumi ne abokin gaba, in ta kwana a kuben fata sai ka wayi gari da tsatsa. Harsashin da ya yi kore ko ya lotsa, mayar musu a canza maka.

Na san ka sani amma sai na faɗa, don na halarci jana'izar yaron da abokinsa ke goge bindiga: cire magazin tukuna, sannan ka ja baya, ka leƙa da idonka, ka sa yatsa ka taɓa. In kuma kana harbi ka ji ƙara ta fito a raunane ba kamar kullum ba, tsaya nan take, wataƙila kan harsashi ya tsaya a cikin bututu, na biyu zai iya fasa ta a hannunka.

In an canza maka sifirin, ka tsaya a wurin ka ga an fito da shi, a jera shi da tsohon ka gani, sannan ka nemi a ba ka harsashi ka gwada kafin ka fita aiki da ita. In an ce babu harsashin gwaji, ka sa a rubuta cewa ka nema. Ka faɗa mini ko wace iri ce taka da abin da amora ya gano. Allah ya tsare mana kai, ya mayar da kai gida lafiya.