Tambaya da amsa: Me ya sa kullum suke tsere mini in na ɗauki mafarauci a Identity V?

Tambaya: Salam yaya, daga Makka nake wajen Shara Mansur. Wata biyu ke nan ina buga Identity V, gem ɗin da mafarauci ɗaya ke farautar masu gudu huɗu, a jawwal (wayar hannu), in ina cikin masu gudu ba laifi, amma da na ɗauki mafarauci sai su huɗun su fice ta ƙofa, wani lokacin ko mutum ɗaya ban ɗora a kujerar da ake ɗaure wanda aka kayar ba. Ina bin mutum har yatsana ya gaji. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ka faɗi matsalar da bakinka, bin mutum har ka gaji ɗin nan shi ke cinye ka. Ni ma da na fara a nan Jidda, ba da daɗewa ba bayan kamfanin NetEase sun fito da gem ɗin a 2018, haka na dinga yi, in na ga mutum sai zuciya ta ɗebe ni in ce wallahi sai na kama shi, muna ta zagaye katako ɗaya kamar kaza da 'ya'yanta, can sai in ji jiniya ta tashi an gama komai.

Zauna ka yi lissafin nan da kyau. Injin saifa, wato injinan da masu gudu ke aiki a kansu don su samu buɗe ƙofa, 7 ne a fili, 5 kawai suke buƙata su kammala kafin ƙofofi biyun su samu wuta. Mutum ɗaya yana gama inji ɗaya cikin wajen daƙiƙa 80. To kai kana bin ɗaya, ukun can kowa ya kama nasa inji yana ta aiki, ke nan in wanda kake bi ya ja ka daƙiƙa 80 inji uku sun tafi, saura biyu, kuma ba ka taɓa kowa ba. Shi ya sa nake ce wa yaran da muke bugawa tare a istiraha bayan isha'i, in ka bi mutum rabin minti ba ka same shi ko sau ɗaya ba, kuma ka ga ya shige wurin da tagogi da katakai suka yi yawa kamar cikin ginin asibitin da ke filin wasa na Sacred Heart Hospital, rabu da shi. Ba abin kunya ba ne. Ɗaga kai ka dubi eriyar injinan, wadda take karkarwa akwai mutum a gindinta, nufi can.

Sannan ba kowa ake bi da farko ba. Tun kafin a fara ka duba su wa ka samu. In cikin masu gudun akwai Mechanic ko Mind's Eye su ne abincinka, suna da saurin inji amma gudu ba nasu ba ne, in ka cire ɗayansu da wuri ka karya musu ƙugu. Mercenary kuwa kar ka ɓata lokacinka a kansa, ko ka buge shi ba ya faɗuwa nan take.

Wajen kujera ne nake so ka fi nutsuwa, don a nan ake cin wasa. Ka ɗora mutum, kar ka tafi yawo nesa, kuma kar ka manne da kujerar kamar an dasa ka. Fita kaɗan ta ɓangaren da kake zaton mai ceto zai ɓullo, alamar kunne za ta nuna maka in wani ya matso. Ka tare shi tun a hanya ka ba shi ɗaya, ya iso kujera da rauni. In ya riga ya iso da lafiyarsa to kar ka yi gaggawar kai duka, gwanaye sukan yi kamar za su kwance su fasa don ka ɓata bugunka, kana ɗan tsayawar goge makami bayan bugu su kuma sun kwance sun wuce. Jira ya sa hannu da gaske, bugun da ya same shi yana tsakiyar kwancewa kai tsaye yake kai shi ƙasa. In ma an cece shi, koma kan wanda aka sauke ɗin, don hawa na uku fita daga wasa ne, in kuma an bari ma'aunin kujera ya wuce rabi kafin a cece shi, hawa na gaba ma ya isa.

Don Allah ka sa baiwar da ake kira Detention a tsarin baiwowin mafaraucinka, har yanzu ina ganin sababbi suna shiga babu shi, abin yana damuna. In kana da shi, da an kammala inji na biyar kana da daƙiƙa 120 da bugu ɗaya ke kayar da kowa. Amma ka kula, su ma suna da dabara, sukan kai inji na ƙarshe dab da ƙarewa su tsaya, kana kayar da mutum su ƙarasa, baiwarsu ta Borrowed Time ta tashe shi ya arce. Wajen zaɓin ƙarfi kuma ɗauki Blink, mai cilla ka gaba kaɗan nan take, in bin mutum ke ba ka wuya, ko Teleport, mai kai ka wuri mai nisa nan take, don ka tare ƙofa.

Ka tuna cire mutum uku ne nasara, biyu kunnen doki, ba dole sai huɗu ba. Riƙe mafarauci ɗaya, ko Hell Ember ɗin da aka fara ba ka, ka buga shi sati biyu kar ka canza. Kuma ka duba fing, wato saurin amsawar intanet, kafin ka shiga, in shabaka tana ja ka hau wayfai, ka cire wa jawwal riga don zafin Makka yana sa ta sanyin jiki ana tsakiyar bi.