Jan fitsari ba shi ne abin tsoro ba, farin idonsa za ki riƙa dubawa

'Yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce kwana biyar da fara masa maganin tarin fuka fitsarinsa ya koma ja, surukarki ta ce jini ne, a daina sha. Don Allah kada ya daina. Ni ma wata shida cur na yi ina shan maganin nan, kuma ranar da na fara ganin haka sai da na yi kuka a banɗaki, na ɗauka ƙodata ce ta lalace. Ashe launin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, yana fita ta fitsari, ta gumi, har ta hawaye. Farar riga ma ba ya barinta.

Inda za ki sa ido shi ne hanta. A wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya guda: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Ukun farko duk suna iya taɓa hanta. Kullum da safe ki fito da shi hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba, ki dubi farin idonsa. In kin ga ya fara yin ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya ƙi abinci gaba ɗaya, ko yana kukan ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to nan ne zai ajiye ƙwayar ranar, ku nufi asibiti a auna hanta. Kada ku jira ranar karɓar magani.

Mu dai mun saba, da an ce shawara sai a ɗora jiƙo. A nan kuskure ne babba. Ni a sati na uku tashin zuciya ya dame ni, wata maƙwabciya ta kawo mini sassaƙe, na sha kwana biyu. Da aka ɗebi jinina likita ya ce hantar ta fara nuna alama, ya yi mini faɗa sosai. Farasitamol ma ba a shan shi barkatai. In kuma maigidan yana da ciwon hanta na B, ku faɗa wa likita tun yanzu.

Akwai zafin tafin ƙafa kamar ana tsira allura, aikin isoniazid ne, bitamin B6 ake bayarwa a kai, ku tambaya. Ciwon gaɓoɓi na pyrazinamide ne, nawa ya lafa da aka cire shi bayan wata biyu. Amma in ya ce gani yana masa hazo, ko ja da kore sun fara rikice masa, ethambutol ke nan, shi ma ba a kwana da shi.

Wannan kuma na mata ne: rifampicin yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Duk wadda aka ɗora a kan maganin tarin fuka ta yi maganar da ma'aikaciyar lafiya.

Za a sake gwajin kakinsa ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6, ko tarin ya tsaya ku je. In kuna da yara 'yan ƙasa da shekara 5, ki tafi da su a duba su.